Binciken Magani a Asibitocin 'Yan Mazan Jiya na Amurka: Abin Tsoro Ne?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yayana ya yi aikin soja a Amurka ya gama, yanzu a asibitin tsofaffin sojoji yake ganin likita. Sun aiko masa takarda suna neman ya ba da jini a sa shi cikin wani shirin bincike mai suna Million Veteran Program. Hankalin gida ya tashi. Mene ne haɗin asibitin 'yan mazan jiya da bincike? Ba dai mayar da su abin gwaji ake yi ba, don an ga ba su da yadda za su yi?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya bar zumunci. Bari in fara kwantar maka da hankali kafin in shiga dogon bayani. Takardar da aka aiko wa yayanka ba ta gwajin magani ba ce. Ba za a ba shi wani abu ya sha ba, jini kaɗan za a ɗiba. In ya ce ba ya so, likitansa yana nan, maganinsa yana nan, kuɗin da ake biyansa ma ba abin da zai taɓa su. Sai dai tambayarka ta fi takardar faɗi, tsoron gidanku kuma yana da tushe a tarihi, don haka zan ba ka labarin da daɗinsa da ɗacinsa.

A fara raba abubuwa biyu da mutane kan haɗe. Sojan da ke bakin aiki, asibitinsa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, irin su Walter Reed. Wanda ya tuɓe kaki kuwa, wata ma'aikata ce dabam take kula da shi, ta tsofaffin sojoji, wadda kowa a can yake kira VA. Likitocinta farar hula ne, ba mai anini a kafaɗa, ba mai ikon ba yayanka oda. Tana da manyan asibitoci wajen 170 da ƙananan wuraren ganin likita sama da dubu, mutum sama da miliyan 9 suka yi rajista da ita. Duk Amurka babu tsarin asibitoci da ya kai ta girma a hannun hukuma ɗaya.

Bincike a cikinta ya faro tun 1925, amma 1946 ce shekarar da ta mayar da shi yadda yake yau. An gama Yaƙin Duniya na Biyu, miliyoyin sojoji suna komawa gida, asibitocin kuwa sun yi ƙaurin suna: da yawa can nesa da manyan birane aka gina su, likitoci sun yi ƙaranci, ƙwararru ba sa son zuwa. Shugaba Truman ya ɗauko Janar Omar Bradley ya damƙa masa hukumar. Shi da likitocin da ya jawo, Paul Hawley da Paul Magnuson, suka fito da dabarar ƙulla manyan asibitocin da makarantun koyon likitanci na jami'o'i. Malaman jami'a su riƙa duba marasa lafiya, ƙananan likitoci su koyi aiki a nan, sababbin asibitoci kuma a gina su kusa da jami'a. Malamin jami'a kuwa duk inda ya sa ƙafa, da tambayoyinsa yake tafe. Har yau kusan kashi 70 cikin ɗari na likitocin Amurka sun yi wani ɓangare na horonsu a asibitin VA, kuma yawancin masu bincikenta su ne dai masu ganin marasa lafiya. Majalisar dokoki tana ware wa binciken kasafinsa dabam, sama da dala miliyan 900 a shekara a 'yan shekarun nan, kuma sai ma'aikacin VA yake iya neman wannan kuɗi.

A wannan shekara ta 1946 dubban gadaje masu tarin fuka ne a kansu, ga kuma sabuwar allura ta fito, sitireptomaisin, wadda ba wanda ya san nawa za a ba mutum, ko tsawon wane lokaci. Asibiti ɗaya ba zai tara marasa lafiyar da za su isa a gane amsar ba. Sai asibitocin VA da na soja suka yarda su bi ƙa'ida ɗaya, su cika takarda iri ɗaya, su haɗa sakamako wuri ɗaya. Da haka aka ga cewa allurar tana aiki, amma in ta yi yawa tana lalata ji da daidaiton tafiya, in kuma ita kaɗai aka bayar ƙwayar cutar tana saurin sabawa da ita, sai an haɗa ta da wani magani. A littattafan tarihi binciken Ingila na 1948 ya fi suna, kuma ya cancanta, domin shi ya raba marasa lafiya da ƙuri'a yadda ya kamata. Abin da VA ta samu shi ne ɗabi'ar asibitoci da yawa su taru kan tambaya ɗaya, kuma a kan wannan ɗabi'a aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

In za ka riƙe labari ɗaya, riƙe na hawan jini. Kafin shekarun 1960 likitoci da dama, har da manya, suna ganin hawan jinin dattijo dabara ce ta jiki: jijiyoyi sun ƙuntata, dole jini ya ƙara ƙarfi ya ratsa, in ka saukar da shi ka cuci mutum. Shugaba Roosevelt ya yi shekaru jininsa yana sama, har jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa ya rasu a 1945. Wani likita a asibitin VA na Washington, Edward Freis, ya ce a daina gardama a gwada. Aka ɗauki maza 143 waɗanda lambar ƙasa ta awon jininsu take tsakanin 115 da 129. Aka raba su da ƙuri'a, 73 suna shan haɗin magunguna uku, 70 suna shan ƙwayar wofi, wato mai kama da magani amma ba komai a cikinta, kuma daga likitan har mara lafiyan ba wanda ya san wa ke shan me. Cikin masu shan wofi mutum 27 suka gamu da babbar matsala, irin su shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da lalacewar ƙoda, 4 suka rasu. Cikin masu shan magani mutum 2 ne kawai suka samu matsala. Aka tsayar da wannan ɓangare kafin wa'adinsa, aka buga sakamakon a 1967. A 1970 aka fitar da na maza 380 masu hawan da bai kai wancan ba, nan ma magani ya nuna amfaninsa.

Yau babu kwamitin da zai yarda a bar mai awo 120 yana shan ƙwayar wofi, kuma dalilin ƙin yardar shi ne amsar da waɗancan mutum 143 suka samar. Duk wanda yake haɗiyar ƙwayar hawan jini da safe a ko'ina a duniya yana cin moriyarsu, har da huɗun da suka rasu. Ban san hanyar da za a faɗi wannan labari a ɓoye farashinsa ba, kuma bai kamata a ɓoye ba.

To me ya sa a nan irin wannan aiki ya fi yiwuwa? Mutanen VA ba su fi na sauran wurare basira ba. Tsarin ne. Ba'amurke na gama-gari yakan canza kamfanin inshora duk lokacin da ya canza aiki, ya canza asibiti, takardunsa su warwatsu. Tsohon soja kuwa yakan shiga VA ya zauna shekara talatin, in ya ƙaura zuwa wata jiha fayil ɗinsa yana biye da shi, domin tun shekarun 1980 ma'aikatar ta fara ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, tun kafin yawancin asibitoci su yi tunanin haka. Ana iya sanin maganin da aka rubuta masa, da ranar da ya karɓa, da awon jininsa na shekara goma da suka wuce. Likitan kuma albashi yake ci, ko ya yi tiyata ɗari ko bai yi ba. Ma'aikatar ita take biyan kuɗin magani, ba ta sayar da shi. Saboda haka tana da dalilin yin tambayar da kamfanin magani ba zai taɓa zuba kuɗinsa a kanta ba: shin abin nan mai tsada da kowa yake yi, yana ma aiki?

A ganina nan ne darajar binciken VA take, fiye da ƙirƙire-ƙirƙiren da ake yawan lissafawa. A 2002 aka fitar da wani gwaji daga asibitin Houston kan aikin gwiwa da ake yi wa masu amosanin gaɓɓai, inda ake zura ƙaramar kyamara a wanke gwiwar a kankare ta. A lokacin, dubban ɗaruruwan mutane ake yi wa shi kowace shekara a Amurka. Aka raba mutum 180 gida uku: wasu aka kankare, wasu aka wanke kawai, na ukun kuwa aka sa su barci, aka ɗan tsaga fata aka ɗinke, ba a shiga gwiwar ba. Aka bi su shekara 2. Waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi waɗanda aka tsaga wa fata samun sauƙi ba. Akwai abin da ya shafi tambayarka a nan: kowane mai shiga sai da ya rubuta da hannunsa a fayil cewa ya gane mai yiwuwa aikin wofi za a yi masa, kuma cikin mutum 324 da suka cancanta, 144 suka ce ba su yarda ba, aka bar su.

A 2007 aka yi wa likitocin zuciya irin wannan. Mutum 2,287 a asibitocin VA da wasu na Amurka da Kanada, masu toshewar jijiyar zuciya da ba ta kai ga gaggawa ba, aka ba dukkansu magani mai kyau, rabi kuma aka ƙara musu da zura 'yar ragar ƙarfe a buɗe jijiyar. Bayan wajen shekara huɗu da rabi, yawan mutuwa da bugun zuciya bai bambanta ba. Kada a fahimce ni a baibai, wanda bugun zuciya ya kama a yanzu, buɗe jijiyar yana ceton ransa, wannan magana dabam ce. A 2018 kuma Erin Krebs ta asibitin Minneapolis ta bi mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu tsawon shekara guda, rabi a kan magungunan kashe zafi dangin mofin, rabi a kan waɗanda ba dangin ba. Masu shan dangin mofin ba su fi iya harkokinsu ba, illa kuma ta fi yawa a wajensu. Wannan ya zo a lokacin da waɗannan ƙwayoyi suke kashe dubban Amurkawa kowace shekara.

Wanda ya fi burge ni shi ne na firazosin. Tsohon maganin hawan jini ne mai araha, wani likitan ƙwaƙwalwa na VA a Seattle, Murray Raskind, ya lura yana rage wa tsofaffin sojoji mugayen mafarkan yaƙi. Ƙananan gwaje-gwajensa suka goyi bayansa, maganin ya yaɗu. Shi da kansa ya jagoranci babban gwaji da mutum 304, sakamakon ya fito a 2018 cewa bai fi ƙwayar wofi ba, kuma ya sa sunansa a kai aka buga. Har yanzu wasu likitoci suna ba da shi, suna cewa waɗanda aka zaɓa a gwajin masu sauƙin ciwo ne, gardamar ba ta mutu ba. Amma mutum ya ɗauki abin da ya yi suna da shi ya kai shi inda zai iya faɗuwa, wannan ba kullum ake gani ba.

Ba duk amsoshin ne a'a ba. A 1983 gwajin maza 1,266 ya nuna asfirin yana rage mutuwa da bugun zuciya da kusan rabi ga masu ciwon ƙirjin da ke gargaɗin bugun zuciya. A 2005 gwajin mutum sama da dubu 38 ya tabbatar da rigakafin ƙurajen nan masu zafi da ke feso wa tsofaffi a gefe ɗaya na jiki, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa in ta farka bayan shekaru. A 2022 kuma aka kwatanta tsofaffin magungunan hawan jini biyu masu sa fitsari a kan mutum 13,523, ba tare da an kira kowa zuwa wani ɗakin bincike ba: mutum ya amince, aka yi ƙuri'a, ya ci gaba da ganin likitansa, aka karanta sakamako daga fayil. Wanda masana suka daɗe suna fifitawa bai fi ɗan'uwansa kare zuciya ba.

Ɗakunan gwaje-gwajen ma sun yi abin a zo a gani, zan taɓa su a gurguje. A asibitin Bronx, Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka gano hanyar auna sinadarin da yake ɗan mitsitsi a cikin jini, suka fara da insulin wajen 1959, kuma suka ƙi yi wa hanyar rajistar mallaka. Awon sinadaran jiki na zamani daga nan ya taso. Yalow ta karɓi kyautar Nobel a 1977, Berson ya riga ya rasu a 1972, kuma a shekarar nan ta 1977 Andrew Schally na asibitin New Orleans shi ma ya samu. A Buffalo, likitan tiyata William Chardack da injiniya Wilson Greatbatch suka dasa na'urar daidaita bugun zuciya a jikin mutum a 1960. A East Orange, Oscar Auerbach ya duba dubban yankan huhu a madubin likita ya nuna yadda taba take canza su mataki-mataki har zuwa sankara. Filastar nikotin ta masu son daina shan taba daga masu bincike na VA a Los Angeles ta fito a shekarun 1980. A Bronx ɗin dai, John Eng ya ciro wani sinadari daga dafin ƙadangaren Gila a farkon shekarun 1990, VA ba ta nuna sha'awar rajistarsa ba, ya yi da kansa. Shi ya zama Byetta a 2005, na farko a dangin magungunan suga da Ozempic ya fito daga ciki.

Yanzu ga ɗacin. Abin da ya sa tsarin ya dace da bincike, shi ne kuma haɗarinsa. Mutumin da ba shi da wani asibiti sai wannan, wanda likitan da ke neman ya shiga gwaji shi ne mai rubuta masa magani, wanda kuma ya yi shekaru ana koya masa cewa in na gaba ya yi magana sai a ce to, irin wannan mutum cewa a'a tana yi masa nauyi. An kuma taɓa cin amanarsu. A ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950 an yanke wa tsofaffin sojoji wajen 2,000 masu taɓin hankali jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, aikin da a lokacin ake ɗauka magani ne, ya bar da yawa a nakashe. Jaridar Wall Street Journal ta tono takardun a 2013. A zamanin yaƙin cacar baka an yi gwaje-gwaje da sinadarai masu tururin nukiliya a asibitoci da dama har da na VA, kuma kwamitin da Shugaba Clinton ya kafa a 1994 ya samu cewa sau da yawa ba a yi wa mutane bayanin kirki ba. Ba duka ne tsohon labari ba. A 1999 aka dakatar da bincike gaba ɗaya a asibitin VA na yammacin Los Angeles saboda sakaci wajen kare masu shiga. A Albany wani ma'aikacin bincike ya riƙa canza sakamakon awon marasa lafiya don ya cusa su cikin gwajin maganin sankara da ba su cancanta ba, wani tsohon soja ya rasu, kotu ta ɗaure shi kusan shekara 6 a 2005. Binciken Tuskegee da baƙaƙen fatar Amurka ba sa mantawa, wanda aka bar masu tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta tarayya ce ta yi shi, ba VA ba, amma gwamnati ɗaya ce, kuma ba na ganin laifin wanda bai damu da bambancin ba.

Bayan waɗannan abubuwa ne aka ƙara ɗaure igiya. Kowane bincike sai kwamitin kare masu shiga ya duba shi kafin a taɓa kowa, kuma dole a samu wanda ba masanin kimiyya ba a cikin kwamitin. Manyan gwaje-gwaje suna da wasu masana na waje da ke leƙa sakamako lokaci-lokaci, in sun ga cutarwa su ce a tsaya. A 2003 majalisa ta kafa ofishin sa ido kan bincike a cikin VA da doka. Akwai kuma wata ƙa'ida da yawancin asibitocin Amurka ba su da irinta: wanda ya ji rauni sanadin binciken da VA ta amince da shi, ita za ta yi masa magani. Ba zan ce maka ɓarna ta ƙare ba, amma ɓoye ta ya yi wuya ƙwarai fiye da da.

Inda ni nake karanta binciken VA da ido biyu shi ne cututtukan da aikin soja da kansa ya jawo. Gwamnatin da za ta biya diyya in an tabbatar, ita ce take binciken ko a tabbatar, kamar an ba kura ajiyar nama. Sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam sun yi shekaru suna cewa maganin kashe daji da aka fesa a can, wanda ake kira Agent Orange, shi yake sa musu ciwo. Majalisa ta umarci VA ta bincika a 1979, aikin ya yi ta jan ƙafa har aka miƙa shi ga hukumar yaƙi da cututtuka a 1983. Sai a 1991 doka ta ba masana na wajen gwamnati aikin tantance hujjoji. Waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan su ma sun sha jira, har dokar 2022 ta ce wasu cututtuka a ɗauka kawai daga can suka samo asali, ba sai mutum ya kawo hujja ba. Gaskiya ne irin wannan bincike yana da wuya, domin ba wanda ya auna abin da kowane soja ya shaƙa. Amma a lokuta biyun matsin tsofaffin sojojin da iyalansu ne ya motsa abin.

Akwai kuma iyaka da duk mai karanta sakamakon VA ya kamata ya sani. Kusan tara cikin goma na marasa lafiyarta maza ne, yawanci dattawa, da yawa sun sha taba, da yawa suna ɗauke da ciwo biyu ko uku. Gwajin Freis maza ne zalla, na asfirin ma haka, sai da wasu suka zo daga baya suka duba mata. Lokacin korona, Ziyad Al-Aly na asibitin St. Louis ya bi fayilolin mutum sama da dubu 150 da suka kamu, ya nuna haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa har shekara guda bayan kamuwa. Aiki ne mai muhimmanci, amma daga fayil aka ciro shi, ba ƙuri'a aka yi ba, kuma ba za a ɗauki lissafin dattijo mai shekara 60 a ɗora wa budurwa mai 25 ba.

Mu dawo kan takardar yayanka. An fara shirin a 2011, ya cika mutum miliyan ɗaya a ƙarshen 2023. Abin da ake nema uku ne: jini, amsa tambayoyi kan lafiyarsa da rayuwarsa da aikin sojansa, da izinin duba fayil ɗinsa na asibiti yanzu da nan gaba. Ana cire suna a sa lamba, masu bincike lambar suke gani. Manufar ita ce a haɗa ƙwayoyin gado da tarihin ciwo a gano me ya sa wani yake kamuwa wani ba ya kamuwa, me ya sa magani yake yi wa wani aiki ya ƙi wani. Yawancin irin waɗannan rumbuna a duniya jinin Turawa ne ya cika su, abin da aka gano a cikinsu kuma ba kullum yake dacewa da baƙar fata ba. Wannan yana da mutum sama da dubu 100 masu asali daga Afirka, kaɗan ne suka kai shi a wannan fanni.

Kada ya shiga da tsammanin za a kira shi a gaya masa abin da ke jininsa. A ƙa'ida ba gwajin lafiyarsa ba ne, amfanin na waɗanda za su zo baya ne. Haɗarin da ke ciki na sirri ne, domin ƙwayoyin gado ba kamar lambar waya ba ne da za a canza in sun fita, kuma wani ɓangare nasu naka ne kai ma, da na 'ya'yansa. Dokar Amurka ta 2008 ta hana kamfanin inshorar lafiya da mai ɗaukar ma'aikata nuna bambanci saboda ƙwayoyin gado, amma ba ta rufe inshorar rai ba.

Ni da a ce ni ya tambaya, zan ce ya karanta takardar amincewa a gida, ba a tsaye gaban ma'aikaci ba, ya kira lambar da ke jiki ya tambayi su waye za su iya ganin bayanansa, har da na wajen VA, da kuma ko shiga wannan yana nufin za a riƙa gayyatarsa wasu bincike. In an gayyace shi gwajin magani nan gaba, wannan sabuwar shawara ce mai takardarta dabam, kuma a nan ne zai tambayi ko akwai ƙwayar wofi, da abin da za a yi masa in bai shiga ba, da wanda yake biyan kuɗin gwajin. Yana da ikon fita duk ranar da ya ga dama, a daina amfani da jininsa da fayil ɗinsa daga ranar. Abin da aka riga aka yi lissafi da shi kafin ya fita dai ba ya ciruwa, wannan ya sani tun kafin ya sa hannu.